Yadda Ake Ziyarar Yiheyuan, Fadar Shan Iska ta Sarakunan Sin

Ƴan kasuwar Damagaram da ke tafiya ƙasar Sin sarin kaya suna da yawa a yau, haka nan ɗalibai da ma'aikatan da kan je karatu ko horo, musamman tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 kuma hulɗarmu da Sinawa ta ƙaru. Sai dai galibin masu tafiyar ba su san komai na ƙasar ba in ban da kasuwannin Gwanzu da Yiwu, da otal, da filin jirgi. Wannan bayani na wanda Allah ya kai shi Bejin ne, babban birnin ƙasar, kuma ya sami yini guda da babu ciniki ko darasi a cikinsa. Shawarata ita ce ya ba da yinin nan ɗungurungum ga Yiheyuan, fadar da sarakunan daular Qing suke komawa idan zafi ya matsa musu a tsakiyar birni, wadda take kimanin kilomita 15 arewa maso yamma da tsohuwar fadar mulki.

Kada ka tafi da zaton gini guda ne da za ka zaga cikin sa'a ɗaya ka fito. Fili ne na kusan hekta 290, kuma kashi uku cikin huɗu na filin ruwa ne, wato Tafkin Kunming. A arewacin tafkin akwai tudu mai tsawon kimanin mita 60, wanda ake kira Tudun Tsawon Rai, gine-ginen kuwa suna jere ne a gindinsa da gangarensa da bayansa. Wanda ya shiga da gaggawa zai ga rufi masu launi da cunkoson mutane, ya gaji, ya fita bai fahimci abin da aka gina ba. Abin kallon na ainihi shi ne yadda aka tsara ruwa da tudu da itatuwa domin idon mai tafiya a ƙafa, saboda haka ziyarar tana buƙatar lokaci da takalmi mai daɗin tafiya fiye da yadda take buƙatar kuɗi.

Yana da kyau ka san tarihin wurin kafin ka isa, domin allunan bayani gajeru ne, kuma da Sinanci da Ingilishi aka rubuta su, ba da Faransanci ba. Tun ƙarni na 13, a zamanin daular Yuan, wani masanin ruwa mai suna Guo Shoujing ya janyo ruwan idanun da ke duwatsun arewa maso yamma zuwa wani tafki da ke wannan wuri, domin ya ciyar da magudanar da jiragen hatsi suke bi zuwa babban birni. A 1750 Sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ya sa aka faɗaɗa tafkin aka zurfafa shi, ƙasar da aka haƙo kuma aka ƙara wa tudun, ya ce yana yin aikin ne domin bikin cikar mahaifiyarsa shekara 60 da haihuwa. An kammala ginin a 1764. Mutumin Damagaram, wanda ya san abin da ake nufi da famfo ya ɗauke a tsakiyar rani, ya fi kowa cancantar lura da wannan batu: tafkin nan ma'ajiyar ruwa ce kafin ya zama abin ado, yana shayar da gonakin shinkafa na kewaye, yana kuma tare ambaliya. Sarkin ya haɗa buƙatar gari da jin daɗin kansa a cikin aiki ɗaya, kuma a ganina wannan ne mafi girman hikimar wurin.

A watan Oktoba na 1860, a ƙarshen Yaƙin Ofiyom na Biyu, sojojin Ingila da Faransa suka shiga yankin, aka wawushe dukiyar fadojin, aka cinna wa gine-ginen wuta. Shekara 39 bayan haka, a 1899, sojojin Faransa suka ci Damagaram, don haka labarin baƙin da suka zo da bindiga suka shiga fada ba sabo ba ne a kunnenmu. Wadda ta sake gina wurin ita ce Uwar Sarki Cixi, wadda ta riƙe ragamar mulki ta bayan labule daga 1861 har rasuwarta a 1908. A 1888 aka ba fadar sunan da take amsawa a yau, kuma an karkatar da wani ɓangare na kuɗin sojojin ruwa zuwa aikin, abin da Sinawa ba su manta ba, domin a yaƙin 1894 zuwa 1895 Japan ta ragargaza rundunar ruwan ƙasar. A 1900 sojojin ƙasashe takwas suka sake yi wa fadar ɓarna, aka gyara ta a 1902. Ta zama wurin shaƙatawar jama'a a 1924, sannan UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 1998. Ke nan yawancin abin da za ka gani ginin ƙarshen ƙarni na 19 ne da aka ɗora a kan tsarin ƙarni na 18.

Zaɓin lokaci ne zai yanke ko za ka ji daɗin ziyarar ko za ka sha wuya. Mafi kyau shi ne Satumba da Oktoba, lokacin da sama take garau kuma sanyi bai kankama ba, sai kuma Afrilu da Mayu, ko da yake a farkon wannan lokaci iska kan kawo ƙura daga hamadar arewa. Wannan ya yi wa ƴan kasuwa daidai, domin babbar kasuwar baje koli ta Gwanzu tana ci ne sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma daga Gwanzu zuwa Bejin tafiyar kimanin sa'a uku ce a jirgin sama, ko kimanin sa'a takwas a jirgin ƙasa mai saurin gudu. Yuli da Agusta lokacin zafi ne mai gumi da ruwan sama, amma a lokacin ne furen bado yake rufe gefen tafkin. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan yakan daskare ya zama ƙanƙara, kwalekwale ba ya tashi, kuma sanyin ya wuce duk abin da muka taɓa gani a hunturunmu, don haka wanda ba shi da riga mai kauri da safar hannu da hular sanyi ya haƙura. Akwai kuma ranakun da ya kamata a guje musu ko da yanayi ya yi kyau: makon farko na Oktoba, wanda hutun ranar ƙasa ne, da kwanakin farko na Mayu, da hutun sabuwar shekarar Sinawa. A irin waɗannan ranaku ba za ka ga tafki ba sai ƙeyar mutane. Asabar da Lahadi ma akwai cunkoso, Litinin kuwa ana rufe wasu wuraren da ke ciki ko da yake lambun a buɗe yake, saboda haka Talata zuwa Alhamis ne ranakun da suka fi dacewa.

Tikiti iri biyu ne. Akwai na shiga lambu kawai, akwai kuma na haɗaka, wanda ya ƙunshi hasumiya da gidan wasan kwaikwayo da Titin Suzhou da ɗakin adana kayan tarihi. Daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba na farkon yuwan 30 ne, na haɗakar yuwan 60, wato kimanin jikka biyar ta kuɗin sefa, sauran watanni kuma akwai ragi kaɗan. Ka sayi na haɗakar, domin wanda ya biya kuɗin jirgi tun daga Yamai bai kamata ya tsaya a gindin hasumiya yana lissafin canji ba. Ka riƙe fasfonka a jikinka, da shi ake sayen tikiti, kuma ana iya neman a gan shi a ƙofa. Sinawa sun koma biyan kusan komai da waya, ta Alipay ko WeChat, don haka idan kana da ɗaya daga cikinsu a shirye za ka huta, idan kuma babu ka tanadi ƙananan takardun kuɗi, ka kuma roƙi ma'aikacin otal ɗinka ko tafintanka ya duba maka tun ana gobe za ka je ko ana buƙatar kama gurbi ta intanet. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a kan layin ƙasar, saboda haka ka sauke taswira da manhajar fassara a wayarka tun kafin ka tashi.

Hanya mafi sauƙi kuma mafi arha ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 4. Tasha biyu ne suke kusa da fadar: Xiyuan, wadda daga ita akwai tafiyar kimanin minti 10 zuwa 15 a ƙafa zuwa Ƙofar Gabas, da Beigongmen, wadda take dab da Ƙofar Arewa. A nan akwai tarkon da baƙi suke faɗawa. Tashar da ake isa kafin Xiyuan ga mai zuwa daga cikin gari ita ce Yuanmingyuan, wadda take kai mutum kangon tsohuwar fadar shan iska da aka ƙone a 1860 ba a sake gina ta ba. Wuri ne daban, mai tikiti daban, don haka ka zauna har jirgi ya wuce ta. Ana binciken jaka a kowace tasha da kuma ƙofar fadar, saboda haka kada ka ɗauki wuƙa ko wani abu mai kaifi. Idan da tasi za ka je, ka sa a rubuta maka sunan wurin da na ƙofar da haruffan Sinanci, domin direbobi da yawa ba sa karanta boko.

Da yawa suna shiga ta Ƙofar Arewa saboda ta fi kusa da tasha, amma ni ina ganin kuskure ne ga mai zuwan farko, domin daga shigarsa hawa zai fara, ya kuma ga wurin daga baya zuwa gaba. Ka shiga ta Ƙofar Gabas, wadda ita ce ƙofar sarki, kuma ka isa da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe. A watannin ɗumi ana buɗe lambun tun ƙarfe shida, wuraren ciki kuma ƙarfe takwas, manyan motocin ƴan yawon buɗe ido kuwa suna fara sauke mutane ne da hantsi. Tsarin da za ka tarar zai yi maka kama da na gidan sarautarmu: zaure tukuna, sannan wurin zaman fada, sannan cikin gida, kowanne yana ɓoye na bayansa.

Gini na farko shi ne Renshoudian, inda Cixi da Sarki Guangxu suke karɓar fadawa da jakadu. Ba a shiga ciki, ta ƙofa da taga ake leƙen karagar mulki, a farfajiyar kuma akwai dabbobin tagulla da manyan duwatsu masu ramuka da aka dasa domin ado. Ka lura da dokin ƙofa, wanda yake da tsawo a kowace mashiga: ana tsallake shi ne, ba a taka shi, ba a kuma zama a kansa. Daga nan ka ratsa arewa kaɗan zuwa Deheyuan, gidan wasan kwaikwayon Cixi, mai dandamali hawa uku da tsawon mita 21, wanda aka yi masa ƙofofi a sama da ƙasa domin ƴan wasa su sauko kamar daga sama ko su ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa. Minti ashirin sun isa a nan.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani shi ne Yulantang, gidan Sarki Guangxu. A 1898 wannan saurayin sarki ya yunƙura zai sauya tsarin makarantu da soja da mulki, yunƙurin da bai wuce kimanin kwana ɗari ba, domin Cixi, wadda yayar mahaifiyarsa ce kuma ita ta ɗora shi a kan karaga yana yaro, ta karɓe iko ta tsare shi. Duk lokacin da fada ta koma Yiheyuan a nan ake ajiye shi, kuma har yau idan ka leƙa ɗakunan gefe za ka ga bangon bulo da aka gina a ciki domin toshe masa hanya. Ya rasu a Nuwamba 1908, kwana ɗaya kafin ita. Gida ne mai kyau a bakin ruwa, amma kurkuku ne, kuma mutane da yawa suna wucewa ba su kula da bangon ba.

Da ka zagaya bayan waɗannan gine-gine, tafkin zai bayyana a gabanka gaba ɗaya, ba zato. Da gangan aka yi haka: an matse hanya tsakanin katanga da duwatsu domin faɗin ruwan ya zo wa ido a lokaci guda. Ka nemi ƙaramar rumfar da ke kan wani ɗan tsibiri a gaɓar gabas, wadda ake kira Zhichunting, ka tsaya ka fuskanci yamma. Za ka ga ruwa, bayansa siririn layin itatuwa, bayansu wani tudu mai doguwar hasumiya, can ƙarshe kuma jerin duwatsu masu shuɗi-shuɗi. Tudun nan mai hasumiya da duwatsun ba sa cikin fadar ko kaɗan, suna can nesa a waje. Magina sun ɓoye katangar yamma da itatuwa, suka bar ido ya ɗauka cewa lambun ya miƙe har gindin duwatsu. Siririn layin itatuwan kuwa hanya ce da aka cike da ƙasa a tsakiyar ruwa, mai gada shida, wadda Qianlong ya kwaikwayo daga Tafkin Yamma na birnin Hangzhou, domin ƙasar ruwan nan ta kudu ta shiga ransa, har sau shida ya yi rangadinta a tsawon mulkinsa. Wanda ya gane wannan dabara a nan zai ci gaba da ganinta a duk yinin: kowace taga, kowace ƙofa mai siffar wata, kowace kwana ta hanya an saita ta ne a kan wani abin kallo.

Daga nan sai Leshoutang, gidan da Cixi take kwana, wanda yake kallon ruwa kuma yana da matsayar jirginta a ƙofa. A tsakar gidan akwai wani ƙaton dutse kwance, wanda ake ba da labarin cewa wani babban ma'aikaci na zamanin daular Ming ya karye wajen ƙoƙarin janyo shi zuwa lambunsa, ya bar shi a hanya, har Qianlong ya sa aka ƙarasa da shi nan. Idan a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu ka zo, za ka tarar da itatuwan tsakar gidan sun yi fararen furanni kafin su fitar da ganye.

Ƙofar yamma ta wannan gida ita ce bakin Doguwar Rumfa, hanya mai rufi da ginshiƙan katako wadda ta bi gaɓar tafki tsawon mita 728. A jikin katakon rufinta akwai zane fiye da 14,000, na tsuntsaye da furanni da duwatsu da labaran gargajiyar Sinawa. Babu mai iya kallonsu duka, kuma wanda ya gwada wuyansa zai sage. Ka yi tafiya a hankali, ka ɗaga kai jefi-jefi, ka zauna a kan dogon katakon gefe idan ka sami wuri. Da safe za ka tarar da tsofaffin unguwa suna motsa jiki, wasu suna rera waƙa a ƙungiya, wasu kuma suna rubutu a kan daɓe da dogon buroshi da ruwa zalla, rubutun ya bushe su sake wani. Rumfar tana hawa tana sauka tana karkata, amma an sa ƙananan rumfuna huɗu masu kusurwa takwas a wuraren da take sauya hanya, har mai tafiya ba ya jin sauyin.

A tsakiyar rumfar za ka iske babbar ƙofa a hannun dama, daga nan ne hawa yake farawa. Za ka bi ta Paiyundian, zauren da ake yi wa Cixi bikin ranar haihuwa, mai rufin yumɓu rawaya mai ƙyalli, launin da aka keɓe wa gidan sarauta, sannan ka kama matakala masu tsayi zuwa Foxiangge, hasumiya mai kusurwa takwas da tsawon mita 41 wadda take zaune a kan dakalin dutse mai kimanin mita 20. Hawan yana da wuya ga mai ciwon gwiwa ko hawan jini. Idan kana tare da Alhaji ko Hajiya masu shekaru, ka zaunar da su a inuwar rumfa da ruwan sha, ba su yi asarar ziyarar ba. Mai ƙarfi kuwa ya daure, domin daga sama ne kawai ake ganin tsarin gaba ɗaya: tafki, da tsibiri, da gada, da birnin Bejin can a kudu maso gabas. Wurin ibadar mabiya addinin Buddha ne, akwai babban mutum-mutumin tagulla mai hannuwa da yawa a ciki, kuma za ka ga wasu suna sunkuyawa a gabansa. Babu wanda zai nemi ka yi haka, kai ma kada ka yi dariya ko nuni da yatsa. Ka wuce da mutuncinka ka bar su da nasu. A yammacin hasumiyar akwai wani ɗan ɗaki da aka zuba da tagulla tsantsa a 1755, mai nauyin tan 207, a can ƙololuwar tudun kuma akwai wani gini na bulo wanda babu katako a rufinsa. Su biyun suna cikin ƴan abubuwan da wutar 1860 ta kasa ci.

Ka sauko ka ƙarasa rabin rumfar na yamma, wanda zai kai ka Jirgin Dutse, mai tsawon mita 36. Gindinsa dutse ne tun 1755, samansa kuwa katako ne da aka yi wa fenti ya yi kama da farin dutse lokacin da aka sake gina shi a 1893. Ya yi suna ne saboda abin da yake tunatarwa, wato jirgin da ba ya tafiya wanda aka gyara a zamanin da ƙasa take buƙatar jiragen yaƙi, amma a ido bai kai sunansa ba. Ka ɗauki hoto ka wuce.

Wannan ne lokacin abinci da salla, kuma nan ne ya kamata Musulmi ya zo da shirinsa. Kada ka dogara da abincin da ake sayarwa a ciki, domin naman alade da mansa suna shiga abinci da yawa na Sinawa. Ka zo da burodi da dabino da ƴaƴan itace da ruwa, ka bar babban ci sai ka fita, inda za ka nemi gidan abinci na Musulmin ƙasar, waɗanda galibi allonsu kore ne mai rubutun Larabci, kuma taliyar naman shanu irin ta Lanzhou ba ta da wuyar samu a ko'ina cikin gari. Babu masallaci a cikin fadar, babu buta a ban ɗaki, don haka ka riƙe gorar ruwa ta daban, ka kuma fito da alwala. A bayan tudun akwai wurare masu shiru a cikin itatuwa, ga kuma sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na haɗa Azahar da La'asar. Ka tuna cewa alƙibla a Bejin yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, saɓanin gabas da muka saba fuskanta tun muna yara, kuma agogon can yana gaban namu da sa'a bakwai. Wanda Juma'a ta riske shi a birnin ya nufi masallacin Niujie, wanda aka kafa tun 996, ya ɗage ziyarar fadar zuwa wata rana.

Daga kusa da Jirgin Dutse akwai jirgin fito da ke kai mutane Tsibirin Nanhu a watannin da ruwa bai daskare ba, ana biyan kuɗinsa daban. Kada ka bari ya wuce ka. Tafkin ba shi da zurfi sosai, jirgin kuma a hankali yake tafiya, kuma daga tsakiyar ruwa ne hasumiya da tudun suke bayyana yadda aka nufa a gan su. Daga tsibirin za ka taka Gada Mai Ƙofofi 17 zuwa gaɓar gabas. Tsawonta mita 150, faɗinta mita 8, kuma a kan ginshiƙan gefenta an sassaƙa ƙananan zakuna 544, kowanne da irin zamansa. A kwanakin da ke kewaye da 21 da 22 ga Disamba, rana mai faɗuwa takan haska cikin ƙofofin 17 gaba ɗaya su yi ja kamar garwashi, kuma masu ɗaukar hoto sukan yi dafifi a cikin sanyi domin wannan. A ƙarshen gadar akwai san tagulla kwance yana kallon ruwa, wanda aka zuba a 1755 bisa imanin mutanen da cewa yana tsare ambaliya.

Idan ka kai nan da misalin ƙarfe uku, zaɓi biyu gare ka. Mai sauran ƙarfi a ƙafa ya bi gaɓa ya zagaya kudu ya hau hanyar nan mai gada shida, inda mutane suke da ƙaranci kuma akwai wata farar gada mai doron raƙumi da aka ɗaga domin jirgin sarki ya wuce ta ƙarƙashinta. Tafiya ce ta kilomita da dama, ba inda za ka yanke, don haka ka auna kanka kafin ka fara. Wanda ya fi son inuwa ya koma arewa ta gaɓar gabas ya nemi Xiequyuan, ƙaramin lambu a cikin babban lambu, wanda aka kwaikwayo daga wani lambu na birnin Wuxi: kududdufi guda mai bado da kifaye, rumfuna sun kewaye shi, ruwa yana gangarowa ta cikin duwatsu. Ni wannan na fi so a duk fadar, domin bayan faɗin tafkin da tsawon hasumiyar, a nan ne mutum yake ganin cewa masu ginin sun iya ƙaramin abu kamar yadda suka iya babba. Daga nan hanya tana bin wani siririn ruwa a bayan tudu har Titin Suzhou, jerin ƙananan shaguna a bakin ruwa inda a da bayin fada suke shigar ƴan kasuwa domin sarki da matansa su ɗanɗana ciniki. An ƙone shi a 1860, wanda yake tsaye yanzu sabon gini ne na ƙarshen ƙarni na 20, kuma daɓensa siriri ne babu shinge, don haka a riƙe hannun yara.

Akwai wani abu da baƙar fata zai gamu da shi wanda gara ya sani tun yanzu. Da yawa daga masu ziyara sun fito ne daga lardunan nesa, ba su saba ganin mutumin Afirka ba, za su kalle ka, wasu su nemi hoto da kai, musamman idan ka sa babbar riga da hula. Galibi son sani ne ba raini ba. Idan ka ga dama ka amince, idan ba ka so ka ɗaga hannu ka girgiza kai da fara'a, za su fahimta. Kai ma kada ka ɗauki hoton mutum kai tsaye ba izini. Ba a shan taba a cikin lambun, ba a tsinkar fure, ba a rubutu a jikin gini, ba a kuma hawa kan dabbobin tagulla.

Titin Suzhou yana dab da Ƙofar Arewa, daga ita kuma tashar Beigongmen tafiyar ƴan mintuna ce, ke nan ka shiga ta gabas ka fita ta arewa ba tare da ka maimaita hanya ba. Ka yi ƙoƙari ka kama jirgi kafin ƙarfe biyar na yamma, domin layi na 4 yana ratsa unguwar jami'o'i da ofisoshi, kuma daga wannan lokaci yakan cika maƙil. Idan kana da wata safiyar a birnin, ka sauka a tashar Yuanmingyuan ka ga kangon fadar da ba a sake ginawa ba, inda ginshiƙan farin dutse suke zube a cikin ciyawa. Sa'a uku sun ishe ka a can.